Hannun Dogo a Kan Totur

A Tsamiyar Kyauta, ƙauyen da ke gefen hanya in ka baro Ɗanzomo, ba sai ka leƙa waje ba kafin ka san wanda ke kan tarakta. In ka ji inji na tafe yana gurnani ƙasa-ƙasa, babu gaggawa babu hargowa, to Sa'idu Dogo ne. In ya zo daidai inda dattawa ke zaune sai ƙarar ta ƙara sauka, har ka jiyo muryarsa daga can sama: "Barkanku da hutawa!" Su amsa, ya wuce, sai ya yi nisa sannan ya ɗan taɓa totur.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙi a sashen gona na ƙaramar hukuma, duk a kan tarakta guda. Ja ce ranar da aka ba shi ita, ranar da ya mayar da makulli kuwa ta koma launin ƙasar da take huɗawa. Wanda ya koya masa aikin a Gumel, marigayi Malam Abdulmuttalib, magana ɗaya ya dasa masa a kai.

"Sa'idu, in ka tayar da inji da safe, bar shi a silo, yana gurnani a tsaye ba totur. Je ka sha kokonka ka dawo. Kada ka yi masa tsawa. Duk direban da ka ji yana sa inji ihu, bai san zafin kayan mutane ba."

Dogo ya riƙe wannan kamar karatun allo. Abokan aikinsa an sauke musu inji sau biyu, sau uku, wasu taraktocin ma suna can bayan sakatariya kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Tasa ba a taɓa buɗe cikinta ba. Ranar da ya yi ritaya shugaban sashe ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Wannan bawan Allah inji bai taɓa mutuwa a hannunsa ba." Dogo bai gina gidan siminti ba, bai je Makka ba. Wannan maganar ita ce abin da ya dawo da shi gida, kuma ta ishe shi.

Sai kunnensa. Daga Sule Tankarkar har Gagarawa, mai injin ban-ruwa ko janareta da ya rasa gane kansa yakan ɗoro shi a babur ya kawo. Dogo ba ya taɓa sifana sai ya saurara tukuna. Ya karkatar da kai, ya lumshe ido, can ya ce, "Nozul na biyu ne." A kwance a duba, a tarar haka ne. Matarsa A'i takan ce kunnen Malam ya fi jin ciwon inji a kan kiran tuwo.

Amininsa tun na ƙuruciya shi ne Abdurra'uf. Bukka ɗaya aka kwantar da su lokacin kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Abdurra'uf ya shiga fataucin riɗi, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji, ya zama shugaban ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyen. Duk garin Dogo kaɗai ke kiransa Audu. Kullum bayan la'asar tabarma ɗaya suke zama a ƙofar gidan Alhajin, suna ɓare gyaɗa suna yi wa juna tsiya.

"Kai dai tsawon banza," in ji Audu. "Da kai raƙumi ne da tuni na kai ka Maigatari."

"Wa zai saya a hannunka? Ko riɗi sai an tankaɗe yashin da ka zuba."

Bara da bazara ƙungiya ta sayi ƙaramar tarakta, ta hannu ce daga Turai, ta shigo ta Damagaram zuwa Maigatari. Ba a yi gardamar wanda zai hau ba. Sai dai ranar Alhamis ɗin da za a karɓo ta ta zo daidai da sunan jikan Dogo, ɗan 'yarsa Naja'atu da ke aure a Gagarawa. Don haka Alhaji Abdurra'uf ya tafi da Mannir, ƙanin A'i, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Ƙurar gari ta bar wa Mannir wani busasshen tari, sau biyu a jere sannan ya gyara murya, ko a sahun salla da shi ake gane inda yake.

Washegari Dogo ya zagaya sabuwar sau uku kafin ya taɓa ta. Ya tayar, ya kai tafin hannunsa kusa da bakin salansa, ya duba. Fes.

"Audu, wannan ba ta hayaƙi?"

"Ta Turawa ce. Kunya take ji."

"Takardarta fa?"

Alhaji ya miƙo masa littafi mai kauri. "Ga shi. Faransanci ne. Bisimilla, karanta mana."

"To me mai ita ya ce? Ba abin da ya ce a kiyaye?"

"Ya ce tarakta ce, Dogo. Gaba gaba ce, baya baya ce. Yanzu ni zan koya maka tuƙi?"

Aka yi dariya, Dogo ma ya yi.

Aikin bazara aikin kai taki gona ne, ba nauyi, ba sauri. Dogo ya riƙe sabuwar yadda ya riƙe tsohuwar. Da safe ya bar ta a silo ya je ya sha koko. In ana loda taki ba ya kashewa, tana nan tana gurnani. A hanya allurar agogon inji ba ta wuce sha uku. Mutane suna cewa an dace, gas ɗin da wani zai ƙone a kwana biyu Dogo sai ya yi huɗu da shi.

A mako na biyu wata fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙiftawa a gabansa, da wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Ya tsaya. Ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya karkatar da kai ya saurara. Bai ji komai ba. Bai saba ci gaba da aiki da abin da bai gane ba, sai ya juya ya nufi ƙofar gidan Alhaji. Ya tarar da shi tare da Mannir.

"Audu, zo ka gani. Kira take, ban san me take so ba."

Alhaji ya taka ya leƙa, ya sa yatsa ya danna wani madanni a gefen sitiyari. Kukan ya ɗauke.

"Shi ke nan. An nuna mana a Maigatari. Tsegumin Turawa ne kawai. Duk lokacin da ta fara, danna nan. In ka biye mata sai ta shanye gas ɗin mutane tana tsaye."

"Ka tabbata?"

"Haba Dogo. Zan cuce ka ne?"

Mannir ya yi tari sau biyu, ya gyara murya, ya ce bari ya koma wajen niƙa.

Dogo ya ci gaba da dannawa. Da fari sau ɗaya a kwana uku, daga baya kullum. Kunnensa kuwa ya soma gaya masa wani abu: numfashin injin ya yi nauyi, kamar na mai mura. Sau biyu yana faɗa wa Audu a kan tabarma, sau biyu Audu na cewa a bari a gama kai taki. To me mutum irin Dogo zai yi wa injin da ba ya jin daɗi? Ya ƙara lallaɓa shi. Ya ƙara masa lokacin silo, ya ƙara sauke totur.

Ruwa ya sauka, aka yi shukar gero, lokacin huɗar riɗi ya zo. Gonaki sittin da wani abu ke jiran tarakta guda, an yi ƙuri'a an jera su. Ranar farko rabin gari ya fito kallo. Dogo ya sauke garma, ya yi kunya ta farko, ya yi ta biyu. Yana tsakiyar ta uku jar fitila ta kama, kukan ya zama ɗaya babu yankewa, ƙarfin motar ya zube. Ya taka, ta ƙi. Ta ja jiki kamar taku goma da garma a ƙasa, ta tsaya. A gaban kowa.

Aka yi taro a gindin tsamiya bayan sallar Juma'a. An kira Yazid, ɗan garin da ke tuƙa tifa a Gumel, ya duba. Yazid mutum ne mai ladabi, sai da ya rusuna kafin ya yi magana.

"Baba Dogo, a yi mini afuwa. Irin waɗannan na zamani ba a kashe musu fitila. Tukunyar da ke tace hayaƙi ce ta toshe. Wannan madannin da ake dannawa, shi ya jawo."

"Wa ya ce a riƙa dannawa?" wani ya tambaya daga baya.

Dogo ya juya ya dubi Audu, hankalinsa kwance, yana jira. A ransa abin mai sauƙi ne: Audu zai ce shi ne, a yi masa tsiya kwana biyu, a wuce wajen.

Alhaji Abdurra'uf ya gyara zaman hularsa.

"To, jama'a, ni dai makulli na ba shi. Mutumin da ya kusa shekara talatin a kan tarakta, ni mai awon riɗi zan gaya masa abin da zai danna? Ban san me yake dannawa ba. Abin da na sani, hannu in ya saba da tsohon abu, sabo yakan yi masa wuya. Ba laifinsa ba ne. Shekaru ne."

"Audu," in ji Dogo. A hankali ya faɗa, kamar mai tashin wanda ya yi gyangyaɗi.

"Malam Sa'idu, a gaban jama'a muke."

Tun da aka haife su bai taɓa kiransa Malam Sa'idu ba. Dogo ya nemi Mannir da ido, ya hango shi can gefe yana tona ƙasa da tsinke. Dogo ya buɗe baki ya ce, "Audu ne ya nuna mini," amma maganar ta fito siririya, kuma ta zo a makare. Wani ya ce, "Haba Dogo, kar a fara ɗora wa wani." Liman ya ce a yi haƙuri, kowa na kuskure. Aka yanke cewa a kwance tukunyar a kai Maigatari, in an gyara Yazid ya hau. Dogo ya ciro makullin daga aljihun gaba, ya ajiye a kan tabarma, ya tafi.

Kafin Lahadi maganar ta kai teburin mai shayi. "Dogo ya lallaɓa ta har lahira." Wani mai injin ban-ruwa da ya taho daga Ɗanzomo da injinsa a babur, da ya ji labari a bakin gari, sai ya juya.

Abin da ya fi cin Dogo ba dariyar ba ce. Kwana biyar yana zaune a zaure yana juya abin, har ya fara tambayar kansa ko da gaske ne. Ko Audu cewa ya yi a danna sau ɗaya, shi ya mayar kullum? Ko kunnen ne ya tsufa? A'i ta kawo masa fura da hantsi ta tarar ta jiya ma bai taɓa ba.

"Malam, wai zaman makoki kake wa ƙarfe?"

"Na kashe kayan mutane, A'i."

"Kai ka ce, ko su suka ce? Ni ban san inji ba, amma na san wanda ya sayar yana da baki. Gobe Alhamis. Ka je ka ji daga gare shi. In kai ne, ka dawo ka sha furarka ka roƙi gafara. In ba kai ba ne, ka dawo ka sha furarka."

Ya je. Ya ratsa kasuwar Maigatari ta gefen 'yan raƙuma, yana tambaya, har aka nuna masa wata rumfa a inda manyan motoci ke lodi. Mai rumfar, Hussaini, bakanike ne daga Damagaram da ke zuwa duk ranar kasuwa, kuma ta hannunsa taraktar ta shigo. Ga tukunyar nan a ƙasa a gabansa. Dogo ya gane ta tun daga nesa. Ya yi sallama ya tsuguna, bai faɗi ko shi wane ne ba.

"Maigida, me ya sami wannan?"

"Wannan? Wani shofer ne, direba ke nan, ya shaƙe ta da hannunsa." Hussaini ya ɗaga ta ya nuna masa ciki, baƙi ƙirin. "Bon, ka ga, tsofaffin taraktoci hayaƙinsu waje suke zubarwa. Wannan riƙewa take a nan, kunkunniya na taruwa. In inji na aiki da ƙarfi, allura ta haura ashirin da biyu, zafi na cinye ta. In ta taru da yawa sai fitila ta kama, wato tana roƙo: ɗaga mini totur in ƙone dattina. Shi ke nan abin da take so. Shi kuwa wannan bawan Allah, silo da safe, silo da rana, in ta roƙa ya toshe mata baki. Madannin nan an yi shi ne don in kana cikin kara ko harawa, kada zafin salansa ya tayar da gobara. Ka fita fili, ka sake ta. Shi ya mayar da shi abin wasa."

Dogo ya daɗe yana kallon cikin tukunyar. Duk abin da Malam Abdulmuttalib ya koya masa, duk abin da aka yabe shi a kai, shi ne wannan baƙin.

"Ni ne shofer ɗin," ya ce.

Hussaini ya ajiye tukunyar. "Kai ne? Baba, yi haƙuri da bakina. Amma tsaya. Ai na aiko maka saƙo! Da suka ce direba bai zo ba, na ce to kar magana ta zube a hanya. A gabansu na ɗauki murya da Hausa, na tura wayar Alhajinku, na ce ya kunna maka. Bai kunna ba?"

Ya goge hannu a wando, ya lalubo wayarsa, ya nemo, ya danna. Muryarsa ta fito cikin hayaniyar kasuwa: "Salamu alaikum shofer. Abu uku. Kar ka bar ta a silo ya wuce minti biyar. In kana aiki allura ta wuce ashirin da biyu. In fitila ruwan ɗorawa ta kama, fita fili, ɗaga totur, ka bar ta har fitilar ta mutu da kanta. Madannin gefen sitiyari kar ka taɓa shi sai kana cikin kara."

Sai wata murya daga gefe, wadda Dogo ya sani tun kiwon awaki, tana dariya: "To mun ji, Malam Hussaini, mun ji. Gas ɗin da za ta ƙona a tsaye kai za ka riƙa aiko mana?"

Daga bayanta kuma, tari sau biyu, da gyaran murya.

"Sake kunnawa," in ji Dogo.

Ya sake. Dogo ya karkatar da kai, ya lumshe ido.

"Sake."

"Baba, wani wajen ne ba ka gane ba?"

"Na gane duka. Mutanena nake saurare."

Da ya sauka a mota bai shiga gida ba, ya zarce wajen niƙa. Mannir na ganinsa ya kashe inji, fuskarsa fari fat da gari.

"Yaya, sannu da dawowa. An ce ka je kasuwa."

"Na je. Na ji tarinka a can."

Mannir ya zauna a kan buhu. "Wallahi Yaya, a mota na ce masa a kunna maka. Ya ce dabarar 'yan kasuwa ce, so suke a yi ta shan gas. Ya ce kai ka fi bakaniken sanin inji. Ranar Juma'a kuwa na so in yi magana, bakina ya yi nauyi. Rumfar nan a filinsa take, ka sani."

"Na sani. In ka zo gida kar ka gaya wa yayarka. Ni zan gaya mata, ta fi jin nauyina."

Bayan la'asar ya tarar da Alhaji a kan tabarmarsu, da kwanon gyaɗa. Alhaji ya matsa masa wuri. Dogo bai zauna ba.

"Na ji saƙon Hussaini."

Alhaji ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa. Da ya ɗago, muryar ta dā ce, ta kiwon awaki.

"Dogo, wallahi ban yi don in cuce ka ba. Na ɗauka surutu ne. Da ta mutu, na ga idon mutane, tsoro ya kama ni. Kai ka riga ka yi ritaya, ba abin da za a ƙwace maka. Ni in na ce ni ne, shugabanci ya tafi, masu sayen riɗi daga Kano su ji. Ka ɗauke mini wannan. Wata biyu an manta."

"Ba abin da za a ƙwace mini."

"Ka gane abin da nake nufi."

"Audu, da ka zo zaurena ranar Alhamis ta wancan makon ka ce, Dogo, na yi ɓarna, rufa mini, wallahi da na miƙe ranar Juma'a na ce ni ne, ko a jikina. Da na ba ka da hannuna. Amma ba ka roƙa ba. Ɗauka ka yi, ina zaune ina kallonka." Ya gyara tsayuwa. "Ranar Litinin Hussaini zai kawo tukunyar. A gaban jama'a ka faɗi waccan maganar, a gabansu za ka faɗi wannan."

"Bari dai a gama damina, sai mu..."

Dogo ya riga ya juya.

Ranar Litinin da hantsi aka jawo taraktar zuwa faƙon da ke bayan gari, inda babu kara babu ciyawa. Hussaini ya ɗaura tukunyar da ya wanke ya gasa, ya ce kafin a sa garma sai an yi mata ƙona ɗaya a gabansa, wanda zai hau ya gani. Mutane sun cika, kowa na lissafin kwanakin da suka rage wa huɗa. Yazid na tsaye da makulli.

"Kafin a tayar," in ji Dogo, "Shugaba na da magana."

Aka juya. Alhaji Abdurra'uf ya dubi Dogo, ya dubi jama'a, ya dubi agogon hannunsa.

"Babu wata magana. Rana na yi. A tayar."

Dogo ya ɗaga wa Hussaini kai. Hussaini ya ɗora wayarsa a kan bonet ya ƙure ƙara. Aka ji abu uku. Aka ji dariyar. Aka ji tarin, har wasu suka waiga neman Mannir.

Dogo ya ɗauka in gaskiya ta fito wani abu zai faru, ko da bai san mene ne ba. Wani tsoho ne kawai ya ce, "Ashsha, Alhaji." Liman ya ce a yi haƙuri, kowa na kuskure, kalma a kan kalma yadda ya faɗa ranar Juma'a. Sai mai gona ta biyu a ƙuri'a ya ce, "To yanzu wa zai hau? Ƙasa na bushewa fa."

Yazid ne ya tako, ya rusuna, ya miƙa makullin da hannu biyu. "Baba, naka ne."

Shi ke nan. Abin da ya tara shekara ashirin da bakwai, aka karɓe a zama ɗaya, an mayar masa kamar an miƙo goro. Ya tsaya da makullin a hannu. Ya so ya ajiye shi a kan bonet ya tafi gida. Amma gonaki sittin ba su yi masa komai ba.

Ya hau, ya tayar. Hussaini ya ja birkin hannu, ya danna abin da zai danna, ya ɗaga murya: "Tura totur, Baba. Tura! Kuma kar ka taɓa shi sai fitila ta mutu, ko wa ya zo."

Dogo ya kama totur. Sha biyar. Sha takwas. Bai taɓa kai wani inji nan ba a rayuwarsa. Ashirin. Ashirin da biyu. Ƙarar ta cika faƙon, awaki suka watse, mata suka toshe kunne, wani wari mai zafi ya tashi daga salansa. Duk jikinsa na ce masa sauke, sauke, kana kashe ta. Ya karkatar da kai ya saurara ta cikin ihun. A can ƙasa, numfashin nan mai nauyi ya tafi. Injin ba kuka yake ba.

Ana cikin haka Alhaji Abdurra'uf ya ratso mutane ya zo gefen taya. Ya ɗora hannu a kan madigadi, ya ɗaga kai yana magana. Dogo na ganin leɓɓansa na motsi, yana ganin jijiyar wuyansa. Hannun Dogo ya tafi kan totur da kansa zai sauke, yadda ya saba tafiya duk lokacin da mutum ya tsaya a gefensa zai yi magana. Yatsunsa suka taɓa ƙarfen. Sai ya janye hannun, ya ɗora a kan sitiyari, ya mayar da idonsa kan fitila.

Alhaji ya yi ta magana. Daga baya ya sauke hannunsa. Rabin sa'a fitilar ta yi kafin ta mutu, kuma ko da ta mutu babu kowa a gefen tayar. Har yau ba wanda ya san abin da ya faɗa, Dogo kuma bai tambaya ba.

Ya huɗe gonakin duka a waccan daminar, har da ta Alhaji, wadda ta zo ta goma sha ɗaya a ƙuri'a, kuma kunyoyinta sun miƙe kamar na kowa. Alhaji na nan a shugabancinsa. Masu injin ban-ruwa sun dawo da kawo injinansu, sai dai wani lokaci akan sami wanda bai ji ƙarshen labarin ba ya tambaya, "Ba kai ne sabuwar nan ta mutu a hannunka ba?" Dogo yakan ce, "Ni ne," ya karkatar da kai ya ci gaba da sauraro.

Yanzu in tarakta ta shigo Tsamiyar Kyauta da ƙara take shigowa, muryar direba ba ta fita. Don haka Dogo hannu yake ɗagawa. Yana ɗaga wa dattawan gindin tsamiya, yana ɗaga wa teburin mai shayi, yana ɗaga wa Mannir a bakin niƙa, tun da A'i ta ce ta riga ta wanke ƙanen nata tas a madadinsa. In ya zo daidai ƙofar da tabarma ke shimfiɗe bayan la'asar, da kwanon gyaɗa da wurin mutum ɗaya babu kowa, hannuwansa biyu suna kan sitiyari.